Lambu da Akurki a Bayan Ɗaki: Taimakon Tukunyar Gida

Jawabin da wata malamar gona ta gabatar wa ƙungiyoyin mata da magidanta na Samaru da Sabon Gari, Zariya, a ƙarshen damina

 Na ga fuskoki daga Hayin Dogo, Bomo, Basawa, Palladan, Muchiya, Chikaji da Dogarawa. 

An ce in yi magana a kan abubuwa uku: albasa da tafarnuwa, kayan miya na ganye, da kiwon kajin gida. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin nan bari mu duba dalilin da ya sa maganar ta zama dole.

DALILIN WANNAN MAGANA

Babu wanda ke cikin ɗakin nan da zan ba labarin tsadar cefane. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya haura da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Idan kuɗi suka gaza, uwar gida ba ta rage tuwo, domin shi ne ke cika ciki. Abin da ake fara cirewa shi ne ƙwai, nama da ganye. To, waɗannan su ne abincin da ke gina jikin yaro.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyarmu ta arewa maso yamma abin ya wuce rabi. Tsumburewa ba gado ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Yawancinta daga abinci ne da yawan ciwo, musamman tun daga ciki har zuwa shekara biyu, kuma tana shafar ƙwaƙwalwar yaro da karatunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kowace rana. Kowa ya duba miyar da aka ci a gidansa jiya ya yi lissafi.

Lambun bayan ɗaki ba zai ciyar da gida gaba ɗaya ba, kuma ban zo in yi muku wannan alkawari ba. Hatsi sai gona ko kasuwa. Amma kayan miya da ƙwai, waɗannan ƙaramin fili yana iya bayarwa. Manya a cikinmu za su tuna shirin ciyar da ƙasa na OFN a 1976, lokacin da aka ce kowa ya shuka wani abu a bayan gidansa. A Kibera, wata cunkusasshiyar unguwa a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, mata suna noman ganye cikin buhuna a ƙofar ɗakunansu, alhali filinsu bai kai namu ba.

Mu kuwa gari ya ba mu gata. Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR, tana nan Samaru tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake, sunan Samaru yake ɗauke da shi. Hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS tana nan. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi yana cikin jami'a. Mutane suna tasowa daga nesa don neman shawara a waɗannan wurare, bai kamata mu da ke maƙwabtaka da su a bar mu a baya ba.

FILI, ƘASA DA RUWA

Abu na farko, a zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida a wuni. Ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro bai dace ba, shuka za ta yi tsawo marar ƙarfi.

Mai ɗan fili ya yi fangali mai faɗin mita ɗaya, tsawonsa mita biyu ko uku. Dalilin mita ɗaya shi ne hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasa ba. Da rani a yi fangalin ya ɗan nutse don ya riƙe ruwa. Da damina a tada shi sama kamar kunya, domin ƙasar Samaru tana kwantar da ruwa a watan Agusta, saiwa kuma ba ta son zama cikin ruwa.

Wanda ke gidan haya mai daɓen siminti, kamar yadda yake a yawancin gidajen Sabon Gari, ya nemi buhun shinkafa ko na masara, tsohon bokiti, fasasshiyar roba ko daro. A huda ƙasansu don ruwa ya riƙa fita. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Idan buhu ne babba, a jera tsakuwa a tsakiyarsa tun daga ƙasa har sama yayin da ake cika shi, ta nan ruwa zai riƙa sauka. Sai a tsaga ƙananan ramuka a jikinsa a dasa ganye, sama kuma a sa tumatir ko attarugu. Kada a yi amfani da buhu ko galan da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji a ciki. Kuma a nemi izinin mai gida tun kafin a fara. Amfanin buhu shi ne ranar da aka tashi, lambu ya bi kaya.

Sai ruwa, wanda shi ne babbar matsalarmu. Ruwan sama a nan yana kai wajen milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Da rani kowace murabba'in mita tana shan kimanin lita biyar a rana. Ke nan fangali mai mita ɗaya da uku yana bukatar lita 15 zuwa 20, wato jarka ɗaya. Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya yi wannan lissafi kafin ya faɗaɗa lambu. Fangali ɗaya da ake kula da shi ya fi biyar da suka bushe.

Ga hanyoyin rage kashe kuɗi a kan ruwa:

1. A tara ruwan wankin shinkafa, na wake, na ganye da na ɗauraye kwanoni. Duk suna da kyau ga shuka.
2. Kada a zuba ruwan da ke da maganin wanke farin kaya ko sabulun gari mai yawa.
3. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka.
4. A rufe fangali da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, rana ba za ta shanye laima da wuri ba.
5. A rufe duro da randa, kada lambu ya zama gidan sauro.

Ruwan kwata da na lambatu kuwa, a guje shi, musamman a kan latas, kabeji da duk abin da ake ci ɗanye. Yana ɗauke da ƙwayoyin taifot da tsutsar ciki. Ganyen da aka sayo a kasuwa ma, tun da ba a san ruwan da aka ba shi ba, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

ALBASA DA TAFARNUWA

A ƙasashen Turai, musamman Holan, akwai furanni masu kai a cikin ƙasa kamar albasa. Suna binne su kafin sanyi ya shigo, su kwana cikin ƙasa duk tsawon hunturu, idan ɗumi ya dawo sai su fito da fure. Ba sa yi sai sun sha sanyi. Mu namu masu kan su ne albasa da tafarnuwa, su ma sanyi suke so, ga shi kuma namu miya ake yi da su. Sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacinsu. Wanda ya makara har zafin Maris ya riske shi da ƙananan shuke-shuke, lawashi zai samu, ba kai ba.

Abu na biyu shi ne iri. Albasa tana duba tsawon wuni kafin ta ɗaura kai. Irin da aka yi don arewacin Turai yana jiran wuni mai awa 14 zuwa 16, abin da ba ma samu a Zariya. Shi ya sa wani zai sayi iri mai kyakkyawan hoto a jikin takarda, ya yi ta ban ruwa wata huɗu, ganye kawai yake gani. A nemi irin da ya saba da ƙasarmu, kamar jar albasar da ake nomawa a Kano, Sakkwato da Aliero ta Jihar Kebbi, ko 'yar Galmi ta Jamhuriyar Nijar, ko wadda ake kira Red Creole. Irin albasa kuma ba ya jure ajiya, idan ya shekara yawancinsa ba ya tsirowa. Kafin a shuka a gwada: a sa ƙwaya goma cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako ɗaya zuwa kwana goma a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan ba su kai bakwai ba, a canza iri.

Ga yadda aikin yake:

1. A watan Oktoba a yayyafa iri a wurin reno, a layi-layi, a rufe da ƙasa kaɗan da ciyawa. Da ya tsiro a ɗauke ciyawar.
2. Bayan mako shida zuwa takwas, idan ya kusa kaurin fensir, a dasa shi da yamma. Tsakanin shuka da shuka santimita 10, wato faɗin tafin hannu, tsakanin layi da layi taƙi ɗaya. Kada a binne shi da zurfi.
3. Saiwar albasa gajera ce, saboda haka ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa lokaci ɗaya. Ciyawa kuma a cire ta da hannu tun tana ƙarama.
4. Idan wuyan albasa ya fara kwantawa, wajen Maris, a tsayar da ruwa kamar mako biyu kafin a cire.
5. A shanya ta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe sarai. A ajiye a kan gado na kara ko a rataye, ba cikin leda ko rufaffen buhu ba.

Fangali mai mita ɗaya da uku yana ɗaukar albasa fiye da ɗari. Kun san yadda take araha a Maris da Afrilu, sannan ta yi tsada a ƙarshen shekara. Wadda ta busar da tata da kyau za ta daɗe tana ɗiba. Lawashin ma ba a zubarwa, a sa a miya ko a daka a busar a yi gabu.

Tafarnuwa ta fi sauƙi, domin ba ta bukatar reno. A Nuwamba a samu kai mai ƙwari, wanda aka noma a ƙasar nan, a ɓare shi, a zaɓi manyan ƙwayoyi a dasa ɗaya-ɗaya, tsinin yana kallon sama, zurfin gaɓar yatsa biyu, tazarar faɗin tafin hannu. Ƙananan ƙwayoyin a kai kicin, domin ƙaramar ƙwaya ƙaramin kai take haifa. Bayan wata huɗu zuwa biyar ganye zai yi rawaya, sai a cire a busar kamar albasa. Tana yi ko a cikin daro.

GANYE DA KAYAN MIYA

Mai farawa ya fara da alayyafo. Cikin mako uku zuwa huɗu ake fara cinsa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a yayyafa. Kada a shuka fangali duka rana ɗaya. A raba shi uku, a riƙa shuka kashi ɗaya duk bayan mako biyu, ta haka ganye ba zai yanke a gida ba. Idan an zo ɗiba a yanka sama a bar gindi, zai sake toho.

Da damina: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, kabewa, ugu da shuwaka. Ugu da kabewa a ɗora su kan katanga ko rumfa, ba sa cin fili. Da hunturu: latas, kabeji, karas, tumatir da tattasai. Zogale kuma kowane gida ya dasa ko da biyu ne a jikin katanga, a riƙa sare kansa daidai ƙirjin mutum don ya yi rassa, hannu kuma ya kai. Ganye masu duhun kore da karas da kabewa suna ba da sinadarin bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jikin yaro. A dafa su da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa. Kada a dafa har ganye ya canza launi. Abin da ya yi yawa a busar a inuwa, a ajiye don watannin Maris zuwa Mayu.

Game da tumatir, ba mu manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ta bar farin tabo. A ƙaramin lambu maganinta na farko ido ne: a duba ganye kowace safiya, wanda aka ga tabo a tsinke a ƙone. Kada kuma a maimaita tumatir, attarugu ko yalo a wuri ɗaya shekara biyu a jere, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda aka cire tumatir a sa albasa ko wake.

Don darɓa da ƙananan tsutsotsi, ga dogon yaro ko'ina a gari. A daka busassun 'ya'yansa rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita goma ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulun wanka kaɗan, a fesa da yamma sau ɗaya a mako. Ina roƙonku, kada a fesa Sniper ko fiya-fiya a kan ganyen da za a ci. Guba ce. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da shagunan kayan masarufi saboda illar da yake yi. Lambun da yara ke wasa a gefensa ba wurin irin wannan magani ba ne.

KAJIN GIDA

Kazar Hausa tana yin ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ba ta da yawan ƙwai, amma tana neman abincinta, tana renon 'ya'yanta, kuma tana da daraja a kasuwa. Akwai kajin da aka inganta, kamar Shika Brown da cibiyar NAPRI ta samar don yanayinmu, wadda ke ninka ƙwan kazar gida sau da dama, da Noiler mai ba da nama da ƙwai. Sai dai su suna bukatar abincin saye, kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana. Shawarata ga mai farawa: kaji huɗu ko biyar na gida da zakara ɗaya. Idan hannu ya faɗa, sai a ƙara.

Asarar kajin gida daga wuri biyu take zuwa. Na farko, mutuwar 'yan tsaki. Kaza za ta ƙyanƙyashe goma, bayan wata biyu a ga uku ke binta. Shirwa, ɓera, sanyi da ruwan sama ne suka ɗauke sauran. Maganin shi ne a tsare uwa da 'ya'yanta cikin akurki ko babban kwando na mako huɗu zuwa shida, a ba su tsaki, dusa, ɗan garin ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken suya, gara, yankakken ganye, da ruwa mai tsabta a mazubi marar zurfi.

Na biyu, annobar da ke zuwa da hunturu, wadda likitoci ke kira cutar Niyukasil. Alamunta kun san su: kaza ta takure, fukafukai su zube, kashi ya zama kore, numfashi da ƙyar, wani lokaci wuya ya murɗe. Tana iya share akurki cikin mako ɗaya. Iyayena, ku ji wannan da kyau: cutar nan ba ta da magani. Kafso ja da rawaya da ake fasawa cikin ruwa ba ya kashe ta, barkono da toka ma haka. Abin da take da shi rigakafi ne, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai I-2 da ake ɗiga wa kaza a ido, wanda ya fi jure zafi.

Ƙa'idojinsa:

1. A yi shi a Oktoba kafin sanyi ya shigo, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu.
2. Kaji masu lafiya kawai ake yi wa. Idan cuta ta riga ta shiga, an makara.
3. A saya a wurin da ke da firji mai aiki, a ɗauko shi cikin ƙanƙara, kada rana ta taɓa shi.
4. Idan an haɗa shi, a gama amfani da shi cikin awa biyu.
5. Na ruwan sha kada a haɗa shi da ruwan famfo mai magani.

Kazar da aka sayo a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari, ko wadda aka kawo kyauta daga ƙauye, a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. A yi hattara da kaji masu araha da hunturu, sau da yawa mai su ya ga alama ne yake neman rabuwa da su.

Sai murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata babbar gonar kaji a Jaji, nan kan hanyar Kaduna, kuma shi ne karo na farko da aka same ta a kajin nahiyar Afirka. Ta sake dawowa a 2015 da 2021. Ita tana iya kama mutum. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka, kada a ci, kada a sayar, kada a jefa a bola ko kwata. A sanar da likitan dabbobi nan take. Mushe a ɗauke shi da leda a hannu, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu, yara kuma su nisanci wurin.

Akurki ya zama mai iska, ba ya yoyo, kuma ba cikin ɗakin kwana ko kicin ba. A share shi duk mako, a barbaɗa toka saboda ƙuma. A gasa ɓawon ƙwai a daka a mayar musu cikin abinci, ƙwansu zai yi ƙwari. Inda jariri ke rarrafe kada a bar kashin kaji, domin yana kawo gudawa.

Sa'an nan, ƙwan nan a fara ba yara kafin a kai kasuwa. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram shida na sinadarin gina jiki. Daga wata shida, tare da nono, ana iya ba yaro dafaffen ƙwai a murmushe cikin kunu ko fate. Maganar cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata, camfi ne, ba ta da tushe. Mai ciki da mai shayarwa su ma suna bukatarsa.

YADDA LAMBU DA KAJI KE TAIMAKON JUNA

Kaji suna ba lambu taki, lambu yana ba kaji ganye. Amma ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da cuta. A haƙa rami ko a ware kusurwa, a riƙa jera kashin kaji, busasshen ganye, ɓawon kayan miya da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi. A lokacin ne ya zama taki. Kada a sa leda, batir ko kwalba.

Dole kuma a raba su da shinge. Kaza ɗaya tana iya tone wurin renon albasa kafin a gama shara. Karan dawa, tsohon gidan sauro ko buhunan da aka ɗinke sun isa. Wannan shinge har zumunci yake karewa. A gidan haya mai ɗaki goma, kazar wani a cikin alayyafon wani ta sha haddasa gaba tsakanin maƙwabta. A zauna tun farko a yi magana: ina za a sa akurki, wa zai share, ƙarfe nawa za a saki kaji. Ranar da aka fara ɗiban ganye kuma, a miƙa wa maƙwabciya nata.

ABIN DA ZA MU YI TARE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwalbar rigakafi ɗaya tana isar kaji hamsin, ɗari ko fiye, ta fi ƙarfin gida ɗaya, ga shi ba a ajiye ragowa. Kuma idan ke kin yi, maƙwabtanki ba su yi ba, cutar tana nan tana zagaye a unguwa. Saboda haka ina ba da shawara kowace ƙungiya ta yi abubuwa huɗu kafin wata ya ƙare:

1. Ta ƙirga kajin membobinta da na maƙwabtansu, ba tare da duba addini ko ƙabila ba, domin annoba ba ta tambaya. A tsayar da rana ɗaya ta rigakafi.
2. Ta zaɓi mutum biyu su je asibitin dabbobi na jami'a ko ofishin gona na ƙaramar hukuma su koyi yadda ake ɗiga shi.
3. Ta yi wurin renon albasa guda ɗaya a gidan da ke da rijiya, a raba dashe idan ya isa.
4. Kowace mace ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta abin da ta kashe, ƙwan da ta ɗauka da ganyen da ta ɗiba. A watan Afrilu a haɗu a duba, a ga abin da ya yi da wanda za a gyara.

Ga jadawalin a taƙaice. Oktoba: renon albasa, rigakafin kaji, gyaran shinge. Nuwamba zuwa Disamba: dasa albasa da tafarnuwa, shuka latas, karas da kabeji. Janairu zuwa Fabrairu: ban ruwa, duba ƙwari, maimaita rigakafi. Maris zuwa Afrilu: cire albasa da tafarnuwa, busarwa, haɗa taki. Mayu zuwa Yuni: tada fangali, shuka kuɓewa, yakuwa, rama da ugu, dasa zogale, sake rigakafi.

Ga matasa da ke bayan ɗaki, wannan ba aikin iyaye mata kaɗai ba ne. Haƙa fangali, ɗinka shinge da ɗaukar ruwa naku ne. Magidanta kuma, kuɗin iri da na rigakafi kaɗan ne, a taimaka, kuma abin da uwar gida ta samu daga kajinta a bar mata.

Wadda ba ta da komai a hannu yau ta fara da buhu ɗaya na alayyafo a wannan mako. Idan ta shuka shi ranar Asabar, kafin wata ya zagayo za ta sa shi a miya.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu tattauna. Allah ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya kai kowa gida lafiya.